Muhammadu Ali Sa'id na Kukawa: ya ƙi fansho don ya koma gida, hanya ta kai shi Amurka

A ƙarshen shekarar 1859, a ƙasar Ingila, wani hadimi ya shaida wa maigidansa cewa zai ajiye aiki ya koma garinsu. Maigidan shi ne Yarima Nikolai Trubetskoi, ɗan ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen sarautar Rasha. Hadimin kuwa Babarbare ne mai zanen Barebari a fuska, wanda ya shafe kimanin shekara shida yana bin yariman daga wannan birnin Turai zuwa wancan. Yarima bai so rabuwar ba. Ya nuna masa cewa ya riga ya zama ɗan Turai, kuma ko ya koma ba zai iya zaman mutanensa ba. Da hakan bai yi tasiri ba sai ya kawo tayin da duk ma'aikacin da ke lissafin shekara 35 ɗinsa zai gane nauyinsa: in ya ƙara shekara 20 a bakin aiki, za a yanka masa fansho na har ƙarshen rayuwa. Hadimin ya ƙi. Yarima ya ba shi fam 300, ya karɓi alkawarin cewa zai dawo bayan ya yi shekara guda a Afirka, suka yi sallama.

Bai koma Kukawa ba, bai kuma koma wurin yariman ba. Sunansa na yanka Muhammadu Ali Sa'id, littattafan tarihin Amurka kuwa sun san shi da Nicholas Said.

An haife shi a Kukawa wajen shekarar 1836, a ƙarshen zamanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wato Shehu Laminu, wanda ya kafa birnin a 1814 ya kuma rasu a 1837. Mahaifinsa shi ne Barka Gana, babban kacallan Shehu, mahaifiyarsa kuma 'yar wani basaraken Mandara ce. Wannan asali yana da madogara ban da bakin ɗan, domin Manjo Dixon Denham, Baturen Ingila da ya iso Kukawa a 1823 tare da Clapperton da Oudney, ya yi dogon bayani a kan Barka Gana. Denham ya bi shi yaƙin da aka kai kudancin Mandara a wannan shekara, inda Fulani suka tarwatsa rundunar, shi kansa Baturen ya tsira da kyar ba ko riga a jikinsa. Shi ne kuma ya rubuta cewa Barka Gana asalinsa daga ƙasar Hausa yake, ya shigo hannun Shehu yana yaro bawa, ya girma har ya zama mai jagorantar dubban mahaya.

Akwai wani labari na Denham da ya kamata duk mai zama kusa da manya ya sani. Wata rana Shehu ya aiko a karɓo wani doki da aka bai wa Barka Gana bisa kuskure. Kacallan ya fusata, ya tattara duk dawakin da Shehu ya taɓa ba shi ya mayar. Nan take aka kira shi fada, aka tuɓe masa kayan girma a gaban jama'a, aka ba da umarnin a sayar da shi ga fataken Tubawa. Sai da sauran manya suka yi ta roƙo kafin Shehu ya huce ya mai da shi matsayinsa. Ɗan da aka haifa a irin wannan gida ya gaji sanin cewa tsakanin babbar riga da sarƙa tazarar ba ta wuce fushin mutum ɗaya ba.

Yadda Sa'id ya ba da labari, mahaifinsa ya faɗi a yaƙi da Bagarmi tun yana yaro, aka sa shi makarantar wani malami ya koyi karatu da rubutun Larabci. Yana ɗan shekara goma sha wani abu, cikin watan azumi, ya bi abokansa farauta wajen Tafkin Chadi duk da gargaɗin da mahaifiyarsa ta sha yi masa. Mahayan Buzaye, waɗanda Barebari ke kira Kindin, suka faɗa musu. Aka kai shi Katsina aka sayar wa wani ɗan kasuwa mai suna Abdulƙadir, daga nan ayari ya bi ta Damagaram ya shiga sahara, da ƙafa, har Murzuk ta ƙasar Fezan. A daidai wannan zamani ne Heinrich Barth yake ratso saharar daga arewa, ya shiga Kukawa a 1851.

A Murzuk aka fara ba shi zaɓin komawa gida. Abdulƙadir ya gano ɗan wane ne ya saya, domin ya taɓa gwabzawa da Barka Gana a fagen fama, ya ce zai mayar da shi Borno. Yaron ya tuna ƙishirwa da gawarwakin da ya gani a hanya, ya roƙi a sayar da shi ga Turkawa, waɗanda ya ji an ce suna kyautata wa bayinsu. Ba zan ga laifinsa ba. Amma a lura da abin, domin zai sake faruwa.

Wani hafsan sojan Turkiyya mai suna Abdi Aga ya saye shi, ya aika da shi Tarabulus wurin mahaifinsa, Alhaji Dauda, mai kantin taba. A nan ya koyi Turkanci. Ya raka tsohon aikin Hajji ta Iskandariya da Alƙahira da Bahar Maliya, ya ga Makka da Madina, amma da yake a matsayin bawa ya je, ba da niyyar kansa ba, bai dawo da sunan Alhaji ba. Suna dawowa suka tarar gobara ta cinye kasuwa har da kantin. Alhaji Dauda ya karye, kuma cikin abin da ya rage masa na sayarwa akwai yaron. Aka kai shi Izmir, daga can ya faɗa gidan Fu'ad Fasha, ministan harkokin wajen Daular Usmaniyya, a Santambul, inda aikinsa shi ne cika lofe da share shi da miƙa wa baƙi.

Aikin ƙarami ne, amma wurin tsayuwar babba ne. A farkon 1853 Sarkin Rasha ya aiko Yarima Aleksanda Menshikov Santambul da buƙatun da ya san da wuya a karɓa, kan wuraren ibada na Ƙudus da kuma ikon kare Kiristocin daular. Menshikov ya ƙi kai wa Fu'ad ziyarar ban-girma da al'ada ta tanada, Fu'ad ya yi murabus, tattaunawa ta watse a watan Mayu, kafin shekara ta ƙare yaƙin Kirimiya ya ɓarke. Cikin kayan da jakadan ya tafi da su akwai Sa'id, wanda ya gani ya yi sha'awa ya saya. A Odesa aka ɗaukar masa malamin Rashanci. A birnin Sen Fitasbag aka shaida masa cewa a dokar Rasha shi ɗa ne, ba mai ikon mallakarsa, a ƙasar da miliyoyin manomanta ke ɗaure a gonakin iyayen gijinsu har 1861. Da Menshikov ya tafi jagorantar sojojin Rasha a Kirimiya, barorin gidan suka sa shi a gaba da tsangwama, ya bar su ya kama aiki wurin Trubetskoi.

Maganar addininsa ba ta da daɗin ji ga mai karatu Musulmi, amma tsallake ta zai zama rage tarihi. Ya isa Rasha yana salla, yana ƙin naman alade da giya. Trubetskoi mutum ne mai zafin riƙo da cocinsa, ya tilasta masa halartar addu'o'insa, ya yi ta matsa masa har aka yi masa baftisma a birnin Riga a watan Nuwamban 1855, aka sa masa sunan maigidan. Washegari aka sa shi ya durƙusa a kan busasshen wake na tsawon sa'o'i da sunan neman gafara, abin da shi kansa ya rubuta cikin ɓacin rai. Saurayi ne da bai kai shekara 20 ba, shi kaɗai, ba masallaci ba ɗan'uwa, abincinsa da makwancinsa suna hannun mai matsa masa. Daga baya a Amurka ya bar cocin Rashawan ya bi koyarwar Emanuel Swedenborg, wannan karon da zaɓinsa. Hukuncin wannan yana wurin Allah. Abin da marubuci zai iya faɗa shi ne 'yancin da aka shelanta masa a takarda bai hana a karɓe masa suna da alƙibla ba.

Bayan an gama yaƙi a 1856 yarima ya shiga yawon Turai, hadiminsa na biye: Biyana, Diresdin, Munik, biranen Italiya, Faris, Landan. Yariman ya tilasta masa Faransanci, shi kuma ya tsinci Jamusanci da Italiyanci a hanya. Idan aka haɗa da Barbarci da Mandaranci da Larabci da Turkanci da Rashanci, da Ingilishin da ya zo daga baya, harsuna tara ke nan. Yana da albashi, yana da sutura ta alfarma, yana shiga fadojin da 'yan ƙasa ba sa shiga. A ma'aunin kowane zamani ya samu aiki mai kyau. A cikin wannan jin daɗin ne ya fara tunanin halin da Afirka ke ciki da abin da zai iya kai wa mutanensa na ilimin da ya gani, tunanin da ya kai shi ga ƙin fanshon.

Ya sauka a wani masauki da aka buɗe a 1857 kusa da tashar jiragen ruwa ta gabashin Landan domin baƙi 'yan Asiya da Afirka, yana jiran jirgin da zai nufi gabar Afirka ta Yamma. Yana can sai aka ce wani mutum na neman hadimi mai jin harsuna. Mutumin ɗan Holan ne, Isaac Jacobus Rochussen, wanda ya yi sabon aure yake son zagaya Amurka da tsibiran Karibiyan da amaryarsa. Sa'id ya amince. Shi kansa bai ɓoye dalili ba: son ganin duniya ya rinjayi kewar gida. Kwantiragi ne na ɗan lokaci, ƙarin guzuri, sannan a tafi gida. Duk wanda ya taɓa jin wani ɗan'uwa a Jidda ko Landan yana cewa saura shekara ɗaya ya dawo ya san yadda irin wannan lissafi yake ƙarewa.

Sun tashi daga Libaful suka sauka Portland ta jihar Maine a watan Janairun 1860. Suka zaga Boston da Niyok, suka je tsibiran Bahamas da Haiti, ƙasar baƙaƙen fata da suka ƙwaci kansu daga Faransa, wadda ta burge shi da tarihinta ta kuma ba shi takaici da gabar da ya gani tsakanin baƙaƙe da masu ruwa biyu. Daga nan suka haura Kanada. A wani ƙaramin gari mai suna Aylmer, kusa da Ottawa, Rochussen ya ce kuɗin da yake jira sun makara, ya ranci fam 300 ɗin hadiminsa. Sai ya ce zai je Kwibek ya dawo. Sa'id ya yi wata uku yana jira. Masu otal suka riƙe kayansa saboda bashin maigidan, har da rigunansa na Turkawa. Kuɗin sallamar shekara shida, kuɗin jirgi da na ayari zuwa Kukawa, suka tafi a rance ɗaya da ba shaida ba takarda.

A nan, a ganina, rayuwarsa ta karye biyu. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin na bawan da ya zama soja, amma bautar ya riga ya fita daga cikinta shekara bakwai kafin wannan rana. Abin da ya hana shi gida shi ne amincewa da wanda ya fi shi matsayi, irin amincewar da aikin hadimanci ke koya wa mutum har ta zama ɗabi'a. Hadimi ba ya tambayar maigida rasit.

Wani limamin coci a garin ya ba shi ɗan kuɗi da shawarar ya nufi inda baƙaƙen fata ke da yawa. Ya isa Detroit, ya yi aikin ƙarfi a jirgin ruwa, aikin da bai taɓa yi ba tun barinsa Fezan. Sai ya haɗu da Rabaran George Duffield, wanda ya taɓa ganinsa a wani jirgi a lokacin da yake cikin daula. Da taimakonsa ya samu aikin koyar da Faransanci ga 'ya'yan baƙaƙen fata.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861. A 1863, da aka buɗe wa baƙaƙe ƙofar shiga sojan Arewa, Sa'id ya tafi jihar Massachusetts ya shiga runduna ta 55, ƙanwar runduna ta 54 da aka yi fim ɗin Glory a kanta. Ba ɗan ƙasa ba ne, ba a taɓa bautar da shi a Amurka ba, ba wanda zai tilasta masa. An ba shi muƙamin saje. Rundunar ta sauka tsibirin Folly a gaɓar Karolina ta Kudu, inda aka fi sa ta haƙar ramuka da jan igwa a ƙawanyar da aka yi wa birnin Charleston, daga baya ta yi asarar mutane da yawa a gumurzun Honey Hill a ranar 30 ga Nuwamban 1864.

Yaƙin da ya fi daɗewa a rundunar kuwa na albashi ne. An ɗauke su bisa alkawarin dala 13 a wata kamar fararen sojoji. Da ranar biya ta zo sai gwamnatin tarayya ta ce dala 10 ce, a cire 3 kuɗin kaki, saura 7. Sojojin suka ƙi karɓa. Gwamnan Massachusetts, John Andrew, ya sa majalisar jiharsa ta amince ta cike giɓin, suka sake ƙi, domin a wurinsu maganar ta matsayi ce, kuma wanda ya ɗauke su aiki shi ya kamata ya biya su daidai da kowa. Sun yi fiye da shekara suna aiki ba ko sisi, iyalansu na cikin yunwa, har majalisar tarayya ta gyara dokar a watan Yunin 1864, aka biya su bashinsu a watan Oktoba. Shi Sa'id, da yake yana da kyakkyawan rubutun hannu, an yi amfani da shi a aikin akawu. Daga baya da kansa ya nemi a sauke shi daga saje zuwa farabiti, aka tura shi asibitin runduna, inda ya samu damar koyon aikin magani. Sau biyu ke nan yana ajiye matsayi da hannunsa. Hotonsa cikin kaki yana nan a ajiye a cibiyar tarihi ta Massachusetts da ke Boston.

Da aka sallami rundunar a 1865 bai koma Arewa ba. Ya zauna a Kudu, cikin mutanen da aka 'yanta jiya-jiya, waɗanda dokokin jihohi da dama suka haramta a koya musu karatu a zamanin bauta. Ɗan jarida Dean Calbreath, wanda ya fitar da littafi a kansa mai suna The Sergeant a 2023, ya nuna yana cikin baƙaƙen farko da aka naɗa su yi rajistar masu zaɓe a Karolina ta Kudu a 1867. A watan Oktoban wannan shekara mujallar Atlantic Monthly ta buga taƙaitaccen tarihinsa. Daga nan ya shiga yawon koyarwa a Jojiya da Fulorida da Alabama, yana buɗe makaranta a ƙauye, ya yi 'yan watanni, ya wuce gaba, yana kuma gabatar da lacca a kan Afirka ga masu sauraron da aka raina su da cewa nahiyar ba ta da birni ko littafi. Ilimin da ya yi niyyar kai wa Borno, 'ya'yan bayin Alabama ne suka same shi.

A 1873 kamfanin Shotwell da ke Memphis ya buga cikakken littafinsa, The Autobiography of Nicholas Said. Mai karanta shi zai ga Kukawa da Murzuk da Makka da Sen Fitasbag filla-filla, amma ba zai ga kalma ɗaya a kan runduna ta 55 ba. Ya ma matsar da shekarar isowarsa Amurka zuwa 1867, bayan an gama yaƙi, alhali takardar fasinjojin jirgi da rajistar soja da mujallar Atlantic duk sun nuna akasin haka. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya dubi inda yake zaune. Shekarun ƙungiyar Ku Klux Klan ne, ana ƙona makarantun baƙaƙe ana dukan malamansu, kuma mutanen da yake buƙatar takardar shaidarsu da kariyarsu da kuɗin sayen littafinsa tsofaffin sojojin Kudu ne da ya yaƙa. Wasu za su kira wannan ragwantaka. Ni ina ganin lissafi ne na baƙon da ba shi da dangi ko ƙaramin jakada da zai tsaya masa, sai dai farashinsa ya yi tsada: ya goge da hannunsa babin da ya fi kowanne nuna cewa shi ya zaɓi hanyarsa. Littafin ya ɓace daga idon jama'a fiye da shekara ɗari, har wata mai bincike, Precious Rasheeda Muhammad, ta gano shi aka sake buga shi a farkon wannan ƙarni.

Yana da kyau a ajiye shi kusa da tsaransa Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Landan a 1855 tare da Abbega. Shi ma bawa ne da aka 'yanta, shi ma ya ga Turai, shi ma ya bar labarin rayuwarsa, wanda J. F. Schön ya rubuta da Hausa. Amma Dorugu ya dawo, ya yi tafinta, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a Kano a 1912. Dorugu yana da waɗanda suka ɗauki nauyin dawowarsa. Sa'id kuwa nasa guzurin yana aljihun Rochussen.

Babin ƙarshe na littafinsa bai koma kan Borno ba. Bayani ne a kan Bladon Springs, wani ƙauyen Alabama mai maɓuɓɓugan ruwan magani inda yake koyarwa a lokacin, da irin cututtukan da ruwan ke warkarwa. Bayanan soja sun rubuta rasuwarsa a garin Brownsville na jihar Tennessee a 1882. Bayan shekara 11 Rabe ya ƙone Kukawa, a 1907 kuma Shehu Abubakar Garbai ya kafa sabuwar fadarsa a Yerwa.